Bargon Cordell Bai Kai Ƙafa Ba

Marvella Tackett shekarunta sittin da bakwai, kuma in ka cire biyun farko da ba ta iya tafiya sosai ba, duk sauran a gefen filin ƙwallon kwando ta yi su. Ubanta mahaƙin kwal ne a Tolliver, cikin duwatsun gabashin Kentucky. An ce ranar da aka haife ta yana tsaye a barandar asibiti da rediyo manne a kunne yana sauraron wasa. Da nas ta fito za ta yi masa albishir, sai ya ɗaga mata yatsa ya ce ta ɗan dakata, saura minti biyu a tashi. Marvella ba ta taɓa riƙe shi da wannan ba. Cewa take da ita ce ma haka za ta yi, tunda maki ɗaya ne tsakani.

Ta buga wa makarantarsu ta sakandare. Gajera ce, amma mai ƙwace ƙwallo a hannunta sai ya shirya. Daga nan ta shiga masana'antar ɗinka wanduna, ta zauna gaban keke ɗaya tana ɗinka aljihun baya har ranar da aka rufe wurin aka loda kekunan a mota. Ta auri Doyle mai raba wasiƙu, mutum mai sanyin hali, wanda ba a taɓa jin muryarsa a sama ba sai a kan alƙalin wasa. 'Ya'yansu uku duk birni ya ɗauke su. Abin da ya rage mata a Tolliver abu huɗu ne: Doyle, da coci, da kujerarta a zauren wasan kwalejin garin, sai barguna.

Su tara ne matan barguna. Duk Alhamis suna haɗuwa a ɗakin ƙasa na cocin Baftis, da tukunyar wake da burodin masara da kofin da ba ya ƙarewa. Duk yaron da ya shigo ƙungiyar kwalejin, tun makonsa na farko Marvella za ta tare shi da tef ɗin awo, ta hau kujera ta auna shi daga kafaɗa zuwa dunduniya, a buɗe masa bargo. Ba a sayen yadi. Mutanen gari ne ke kawo ƙyalle: tsohuwar rigar aiki, labulen kicin, rigar bikin da ta yi wa mai ita kaɗan. A yanka su kusurwa huɗu, a kan kowane a ɗinka da zare sakamakon wani wasa da yaron ya yi abin a zo a gani. Layi biyu duk shekara, ƙyalle shida a kowane layi. Shekara huɗu, ƙyalle arba'in da takwas. Ranar wasansa na ƙarshe a gida sai a fito da shi tsakiyar fili tare da mahaifiyarsa, a lulluɓa masa bargon a kafaɗa, mutum dubu huɗu suna tafi a garin da jama'arsa ba su cika dubu huɗun ba.

Doka ɗaya ce tak, kuma Marvella da aminiyarta Wanda Faye Sizemore su suka kafa ta tun farkon abin: wanda ya tafi kafin ya cika shekara huɗu, a farke bargonsa, ƙyallayen su koma kwando. An sha farke na masu shekara ɗaya, waɗanda sanyi ko zaman benci ya kora. Layi biyu ne, kafin kofi ya huce an gama. Na shekara uku kuwa ba a taɓa sa masa hannu ba.

Sai ga Cordell Gaither. Daga Memphis ya zo, tsayinsa ƙafa shida da inci goma, siriri kamar sillen kara. A cikin yaran duka shi kaɗai ne ya gano hanyar ɗakin ƙasa da kansa. Alhamis bayan atisaye zai sunkuyo ya shigo, ya share wake kwano uku, ya zauna yana zura wa matan zare a allura don idonsa ya fi nasu. A shekararsa ta uku maki ashirin da biyu yake ci a wasa. Ya kai su gasar ƙasa ta watan Maris, suka fitar da wata babbar jami'a wadda ɗakin wankin kayanta ma ya fi zaurensu girma, kafin a fitar da su a zagaye na biyu. Tun a mota kan hanyar dawowa Marvella ta gama lissafin baɗi. Huɗu daga cikin biyar masu fara wasa za su dawo, abokan hamayyarsu na ƙetaren kogi manyansu uku za su gama, ga Cordell zai ƙara ƙwari. Ta ce wa Doyle kada ya kuskura ya bari likita ya sa masa aikin kwankwasonsa a Maris mai zuwa.

Cikin Afrilu Cordell ya saki bidiyo a waya, sanye da kwat. Ya gode wa Allah da kociya da mutanen Tolliver, ya ce ya sa sunansa cikin waɗanda ƙungiyoyin ƙwararru za su zaɓa a watan Yuni. Wato dai shekara ta huɗu babu shi.

Kafin rana ta take gari ya rabu biyu. Hershel Combs mai aski, wanda shi ke gyara wa Cordell kai tun zuwansa, ya cire hotonsa daga jikin madubi. A gidan rediyon garin waya ba ta huta ba. Wani ya ce yaron ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta. Wata ta ce ita tun ranar da ta ga ya fara sa sarƙa a wuya ta san za a rina. Mai gidan abincin bakin titi ta goge sunansa daga allo, burodi da kazar da ake kira Cordell ya koma burodi da kaza kawai, farashi dai bai sauka ba. A ɗaya ɓangaren ga ɗalibai, ga wani makanike da ya bugo ya ce duk masu zagin nan, in aka kira ɗayansu aiki mai tsoka a birnin Lexington, ko ƙofar gidansa ba zai tsaya rufewa ba. Doyle yana wannan ɓangaren, amma cikin ransa, don yana so ya ci gaba da cin abinci a gidansa.

Marvella ta fi kowa jin zafi. Ta daina kiran sunansa, ya koma "dogon nan". Amma ga bargon ninke a cikin kabad ɗin coci, ƙyalle talatin da shida, fiye da rabi ɗinkin hannunta ne, kuma ba ta taɓa yin aiki mai kyansa ba. Duk lokacin da ta tuna za a mai da shi tsummokara sai kofi ya fita ranta.

Ranar Alhamis Wanda Faye ta shigo da 'yar ƙugiyar farke ɗinki ta ajiye a kan tebur, kusa da tukunyar wake. Doguwar mace ce mai farin gashi, wadda ta shekara talatin tana karɓar kuɗi a kantin magani ba a taɓa ganin ta yi wa kowa ragi ba.

"Vella, doka doka ce," in ji ta. "Da bakinki kika faɗe ta, ni kuma na ce amin."

"Na sani."

"To ɗauko shi."

Wata daga cikin matan ta ce a ɗaga hannu. Huɗu suka ce a farke, huɗu suka ce a bari, duk ido ya dawo kan Marvella. Ta ce a ba ta mako guda. Wanda Faye ta ce mako guda ba zai ƙara wa yaron shekara ba, amma ta mai da ƙugiyarta jaka.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Labari ya fita gari cewa matan sun kasa yanke magana, sai wayar gidan Marvella ta fara ruri. Hershel ne ya fara. Ya ce guntun farin mayafin askinsa yana jikin bargon nan, kuma shi bai ba da shi don ya je ya kwanta a otal ɗin New York ba, a dawo masa da abinsa. Bayansa mai sayar da taya ya kira, sai wata tsohuwar malamar makaranta, har mutum goma sha huɗu, kowa ƙyallensa yake so.

Marvella ba mai jan zance ba ce. Ranar Lahadi ta sa Fasto ya sanar bayan addu'a cewa duk mai son ƙyallensa ya zo ɗakin ƙasa Asabar da safe. Za a ba shi kujera da ƙugiya da kofi, ya farke da hannunsa. Ita ba za ta farke ɗinkinta don wani ya huce haushi ba. Abin da ba ta sa a sanar ba shi ne, ɗinkin Marvella Tackett sha biyu ne a kowane inci, kuma duk kusurwa sai ta ƙulle shi sau biyu.

Cikin sha huɗun, shida suka zo. An haɗa tebur biyu an shimfiɗa bargon, matan suna jere a jikin bango da saƙarsu kamar 'yan kallo. Mai taya ya nemo nasa, shuɗin rigar aiki, ya ga an ɗinka 71 da 70 a kai, ranar da suka doke na ƙetaren kogi da jifar ƙarshe. Ya fara nuna wa na kusa da shi daga inda Cordell ya jefa. Na kusa ya ce ina, ai daga hagu ne, shi a bayan kwandon yake zaune. Suka ture kujeru, suka mai da kwandon shara ragar wasa, suka jawo mutum biyu su tsaya a matsayin masu tsaro. Ƙugiya tana hannun mai taya yana nuni da ita, zare ko ɗaya bai taɓa ba. Malamar ta farke ɗinki uku ta ce idonta ya gaza, bari ta ɗauko tabarau. Gidanta yana kallon cocin, amma ba a sake ganinta ba.

Hershel kam da gaske ya zo. Ya naɗe hannun riga, ya jawo fitila, ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Hannun mai aski ba ya rawa. Ya bi ɗinkin nan ɗaya bayan ɗaya yana tsaki a kowane ƙulli, har ya zare ƙyallensa tsaf ya ninke ya sa a aljihun gaba. Rami ya bayyana a tsakiyar layi na huɗu, audugar ciki tana leƙowa. Marvella ta kau da kai ta tafi duba wake.

A daidai lokacin aka ji ƙarar goshi a jikin bututun ruwan da ke saman matakala. Mutum ɗaya ne a Tolliver ke buge wannan bututu. Cordell ya sauko yana shafa kai, Doyle na biye da shi yana kallon silin. Daga baya Doyle ya rantse shi mai kawai ya fita sha ya ga yaro a hanya.

Mai taya ya ɓoye ƙugiya a bayansa.

"Barkanku da aiki," in ji Cordell. "Mis Marvella, an ce ana rabon gadona tun ina raye."

"Kayan wanda ya gudu ai na gari ne," in ji Wanda Faye, ba ta ko ɗago daga saƙarta ba.

Ya jawo 'yar kujerar yaran makarantar Lahadi ya zauna a gabanta, gwiwoyinsa har haɓa. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce ya san abin da ya ɗauke musu, shi ma ya yi lissafin baɗin nan, wataƙila ya fi Mis Marvella yi. Amma gwiwa biyu gare shi, ɗaya an riga an taɓa yanka ta, kuma waɗanda ke nemansa bana ba su yi alkawarin nemansa baɗi ba. Ya ce mahaifiyarsa har yanzu tsaye take yini a ɗakin wankin wani asibiti. Wanda Faye ta ce marigayi mijinta ya shekara ashirin da takwas a ramin kwal da huhu ɗaya da rabi, bai taɓa barin abokan aikinsa a tsakiyar aiki ba. Daga bakin matakala Doyle ya ce, a hankali, shi ya san marigayin, kuma da wani ya leƙa ramin ya ce masa ga aiki a sama, da ko fitilar kansa ba zai tsaya kashewa ba. Wata ta tuntsire da dariya ta mai da ita tari. Wanda Faye ta ce ba ta san masu raba wasiƙu ma suna wa'azi ba.

Cordell ya miƙe ya je gaban tebur. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa. Ya tsaya a kan ramin, ya dubi Hershel.

"Mista Hershel, nan ne wasan da na zubar da jifa tara a jere. Da ma ina neman wanda zai cire mini shi."

"Takwas ne," in ji Hershel. "Ta taran hannunka aka doke, alƙalin ne makaho." Ya ɗauki hularsa ya haye matakala, ƙyallensa na aljihu.

Sai Cordell ya juyo ga Marvella ya ce shi bai zo neman na shekara huɗu ba, bai yi aikinsa ba. Bai nemi a fito da shi tsakiyar fili ba. Wannan ɗin da ya yi wa aiki, in za a ba shi yadda yake, yana so. Ta ce ai bai kai ba. Ya ce a gwada. Kafin a hana shi ya miƙe a kan siminti, mata huɗu suka kama kusurwa huɗu suka rufa masa daga haɓa. Bargo ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Ƙafafu biyu cikin takalmi lamba sha bakwai suka yi cirko-cirko a waje kamar an kafa allunan talla. Ɗaki ya kece da dariya, har mai taya, har ɗaya daga cikin masu cewa a farke.

Marvella ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Ta ce kuri'arta ga ta nan, kowa ya ji. Ba za a farke ba. Ba za a ƙara ko ƙyalle ɗaya ba. Ba za a kai shi fili ba, ba tafi, ba hoto a jarida. Talatin da shida ya yi wa aiki, talatin da shida zai tafi da su, in an toshe ramin Hershel. Biyar da huɗu ke nan, magana ta ƙare.

Wanda Faye ta ajiye saƙarta. Kowa ya ɗauka jaka za ta ɗauka ta fita, kuma in ta fita mata uku za su bi ta. Marvella ma abin da ta yi tsammani ke nan, don ta san ƙawarta ta taɓa shekara biyu ba ta gaida surukinta ba a kan maganar shinge. Sai Wanda Faye ta taso ta zo ta kama gefen bargon na ƙasa, inda aka bar shi buɗe ana jiran layi biyun ƙarshe, ta murza shi tsakanin yatsu.

"Haka za ki ba shi? Baki a buɗe?"

"Haka ya ce yana so."

"Shi me ya sani? Wanki ɗaya audugar za ta zube. A je can birni a ce matan Tolliver ne suka yi wannan? Ba da sunana ba." Ta dubi ƙasa inda Cordell yake kwance har yanzu. "Kai kuma tashi, ka tare mana hanya. Ban yafe maka ba, don ka sani. Aikina nake karewa."

"Na ji, Mis Wanda."

"Zura mini zare. Baƙi."

Duk garin babu mai naɗe bakin bargo kamar Wanda Faye, kuma ba ta barin kowa ya taya ta. Ta tafi da shi gida. Saura ramin. Marvella ta duba kwandon ƙyallaye ba ta ga abin da ya yi mata ba, sai idonta ya faɗa kan rigar da ke jikin Doyle, mai ratsin ja da baƙi, wadda ya fi so. Ta ce tunda shi ya ɗauko yaro, shi zai biya. Nan take ta sa almakashi ta yanke gindin rigar ta baya. Doyle ya koma gida da jaket a rufe har wuya, cikin zafin rana.

Gari bai sauya ra'ayi don wannan ba. Hoton bai koma madubin Hershel ba. A rediyo an samu sabon abin musu, wasu suna cewa matan coci sun karya dokarsu, wasu suna cewa ai bargon da bai cika ba ba bargo ba ne, saboda haka doka tana nan. Mace ɗaya daga cikin taran ta yi fushi ta daina zuwa, ta dawo bayan Alhamis biyu da ta ji an ba wata kujerarta ta kusa da taga.

Ranar da Cordell zai tafi, a filin ajiye motoci na bayan coci aka yi abin, tsakanin kwandon shara da motar Fasto. Mata takwas, da Doyle, da wani kare. Marvella ta miƙa masa bargon cikin jakar leda ta kantin magani, ta ce ya riƙa lanƙwasa gwiwa in zai yi jifar fanareti, ta gaji da faɗa masa. Ya rungume ta har ƙafafunta suka bar ƙasa. Ya buɗe jakar ya duba gefen. Baƙin naɗi ne siriri, miƙe kamar an ja shi da ma'auni, ba ka ganin inda allura ta shiga.

Wanda Faye tana gefe, hannuwa a harɗe. Ta ce da ruwan sanyi ake wanke shi, ba a sa shi a injin busarwa, kuma kada ta ji an ce ya shimfiɗa wa kare. Ya ce to. Ya shiga mota, ya ja kujera baya iyakarta, ya sauke gilashi zai yi godiya, ta riga shi.

"In sanyi ya kama maka ƙafa a can," in ji ta, "ka san mai laifi."